Baje Kolin Zane-zanen Zamani a Ƙaramin Gari: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin masu wucewa ta ƙofar ƙaramin gidan baje kolin zane-zane leƙawa kawai suke yi su wuce. Wanda ya daure ya shiga kuma, sau da yawa yana fitowa da tambayoyin da ya ji nauyin yi wa mai tsaron wurin. Ga waɗanda aka fi yi, har da waɗanda ake yi ƙasa-ƙasa.

Me ake nufi da zane-zanen zamani?

A taƙaice, aikin masu fasahar da ke raye ne, ko waɗanda suka yi aiki daga wajajen shekarun 1960 zuwa yau. Ba zane da fenti kaɗai ba ne. Akwai sassaƙa, da hoto, da bidiyo, da saƙa, da ginin yumɓu, da sauti, da kuma aikin da ake girkawa ya cika ɗaki guda, mutum ya shiga cikinsa ya zagaya. Abin da ya haɗa su shi ne har yanzu tarihi bai gama yanke musu hukunci ba. Aikin da ka gani a babban gidan tarihi ya riga ya sha tankaɗe da rairaya na shekaru aru-aru kafin ya iso gabanka. Wanda ke rataye a ƙaramin gidan baje koli kuwa, wataƙila watan jiya aka gama shi, kuma babu wanda ya san ko za a tuna da shi nan da shekara ashirin.

Gidan baje koli da gidan tarihi ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Gidan tarihi yana da kayan da ya mallaka, yana adana su, ba ya sayarwa. Ƙaramin gidan baje koli galibi ba ya da tarin kayan kansa, aro yake yi daga hannun masu zane, ya nuna na wasu makonni, ya mayar, ya kawo wasu. Shi ma iri-iri ne. Akwai na kasuwanci da ke rayuwa da ciniki, akwai na hukumar gari ko na jami'a, akwai kuma wanda masu zane suka haɗa kuɗi suka kama haya suna gudanarwa da kansu. Idan kana son sanin wane iri ka shiga, duba ko akwai takardar farashi a kan tebur.

Ana biyan kuɗin shiga?

A mafi yawan ƙananan wurare ba a biya, kuma shigarka ba ta ɗora maka wajibcin sayen komai. Sai dai ka tabbatar da ranakun buɗewa kafin ka taso, domin wuri mai ma'aikaci ɗaya ko biyu ba ya buɗewa kullum, kuma yakan rufe gaba ɗaya a kwanakin da ake sauke wani baje koli ana kafa wani.

Na shiga, na duba, ban gane komai ba. Daga ni ne?

Mai yiwuwa daga gaggawa ne. Wani bincike da aka yi a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, aka buga a 2001, ya gano cewa matsakaicin lokacin da mutum ke tsayawa gaban zane bai wuce daƙiƙa 27 ba. Wannan kuma gaban shahararrun zane-zane ke nan. A cikin daƙiƙa 27 babu abin da ido zai kama sai launi da girma.

Ga abin da ya fi aiki. Ka zagaya ɗakin sau ɗaya ba tare da ka karanta komai ba. Daga nan ka zaɓi aiki ɗaya tak, ko wanda ya ja ka ko wanda ya ba ka haushi, domin duka biyun alama ce cewa ya taɓa wani abu. Ka tsaya daga nesa tukuna, sannan ka matso har ka ga jikinsa. A nan ne za ka lura cewa wurin da ka ɗauka baƙi ne ƙirin ashe shuɗi ne mai duhu da aka shafa a kan ja, kuma jan yana leƙowa ta gefe inda buroshi bai rufe ba. Za ka ga inda fenti ya yi kauri har ya yi tudu, da inda aka kankare shi da wuƙa har zaren yadin ya fito. Ka tambayi kanka abubuwa masu sauƙi: da me aka yi shi, me aka fara sa wa, me aka bari a ƙarshe, me ya sa ya kai wannan girman. Sai bayan nan ka karanta ɗan katin da ke gefe, wanda ke ɗauke da sunan mai aikin, da sunan aikin, da shekara, da kayan da aka yi amfani da su. Layin kayan aikin nan kada ka tsallake shi. Idan aka ce an yi abu da toka, ko da tsofaffin tufafi, ko da ƙasar wani wuri, rabin maganar tana nan.

Idan ka yi duk wannan aikin bai ce maka komai ba, to ba laifi. Wani aikin ba naka ba ne, wani kuma, gaskiya, bai yi kyau ba. Rataye abu a farin bango ba ya mai da shi gwaninta. Haka kuma dogon bayanin da ake liƙawa a bakin ƙofa wani lokaci ya fi aikin kansa wuyar fahimta, kuma wannan gazawar marubucin ce.

Amma wasu abubuwan ai ƙaramin yaro ma zai iya yi.

Wannan ƙorafi ya haura shekara ɗari. A 1917 mai fasaha Marcel Duchamp, ɗan Faransa, ya sayi mazubin fitsari na tangaran, ya sa masa hannu da sunan bogi, ya aika da shi wani baje koli a New York wanda aka yi alkawarin zai karɓi aikin duk wanda ya biya kuɗin rajista. Masu shiryawa suka ƙi nuna shi. Tun daga lokacin tambayar ta sauya. Da ana tambayar ko hannun mai aikin ya ƙware, yanzu an ƙara da tambayar me ya zaɓa ya nuna, a ina, kuma don me.

Sol LeWitt, Ba'amurke, ya kai abin wani mataki daga 1968. Shi umarni yake rubutawa, misali a ja layuka iri kaza a bango ta fuska kaza, wasu mutane su zana. Idan baje koli ya ƙare sai a shafe bangon da fenti. Abin da mai saye ke mallaka shi ne takardar umarnin da shaidarta. A wajensa tunanin shi ne aikin.

Ana iya yarda da wannan hanya, ana iya ƙin ta. Ayabar da Maurizio Cattelan ya manna a bango da salatif a Miami a 2019, wadda aka sayar dala 120,000, daga baya a 2024 aka yi gwanjonta a kan sama da dala miliyan 6, ta fi ba da labarin kasuwar masu kuɗi fiye da labarin fasaha, kuma da alama abin da mai ita ya nufa ke nan. Matsalar ita ce irin waɗannan labarai su ne ke yawo a kafafen yaɗa labarai, har mutane su ɗauka duk fasahar zamani haka take. Abin da za ka tarar a ƙaramin gari yawanci akasin haka ne: mutum ya yi wata shida yana saƙa, ko yana ƙona tukwane, ko yana ɗaukar hoton titi guda a lokuta daban-daban.

Me ya sa bangon kullum fari ne, kuma aka bar fili da yawa?

Ba haka aka saba ba tun asali. A manyan baje kolin Paris na ƙarni na 18 da na 19, jera zane-zane ake yi daga ƙasa har rufi, firam na gogar firam, kuma wanda aka kai aikinsa can sama ya san an yi masa rashin adalci. Farin bango da layi ɗaya sun samu gindin zama ne a ƙarni na 20, don ido ya fuskanci aiki ɗaya a lokaci guda. Yawancin masu ratayewa suna sa tsakiyar zane ta kasance kimanin santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, wato daidai idon mutum a tsaye.

Wani ɗakin kuma duhu ne. Kuɗin wuta ake tattali?

Haske yana cin launi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Aikin takarda, da fentin ruwa, da yadi, da tsofaffin hotuna, ƙa'idar masu adana kaya ita ce kada hasken da ke kansu ya wuce lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), wanda bai kai hasken ofis ba ko kusa. Zanen fentin mai yana jure wa har wajen lux 200. Danshi ma abin lura ne: ana son ya tsaya kusa da kashi 50 cikin 100, domin hawa da saukarsa ne ke sa katako ya tsage, takarda ta lanƙwashe. Ƙaramin wuri ba kasafai yake da na'urorin da za su riƙe wannan daidai ba, shi ya sa manyan gidajen tarihi ke jan ƙafa wajen ba shi aron kaya masu laushi.

Me ya sa ake hana taɓawa?

Yatsa yana da maiƙo da gishirin gumi ko da an wanke shi. A kan tagulla yana barin tabo, a kan takarda yana jawo datti, a kan zanen gawayi ko alli kuwa yana kwashe aikin ne kai tsaye. Taɓawar mutum ɗaya ba komai, ta mutum ɗari biyar ce matsala.

Akwai ayyukan da aka yi don a taɓa. Felix Gonzalez-Torres ya yi ayyuka a farkon shekarun 1990 da tarin alewa a kusurwar ɗaki, kowane baƙo ya ɗauki ɗaya, tarin yana raguwa ana ƙara masa. A 2010 Ai Weiwei ya shimfiɗa 'ya'yan furen rana na tangaran kimanin miliyan 100 a gidan fasaha na Tate Modern da ke Landan, waɗanda masu sana'a a garin Jingdezhen na ƙasar Sin suka yi wa fenti da hannu ɗaya bayan ɗaya. An so mutane su taka su, amma cikin 'yan kwanaki aka hana saboda ƙurar da ke tashi. Ke nan ko mai aikin ya yarda, hali yana iya hanawa. Idan ba ka ga rubutu ƙarara cewa a taɓa ba, tambayi mai tsaro.

Ka kuma riƙa duba ƙasa. A 2015 masu shara a wani gidan fasahar zamani a Bolzano, arewacin Italiya, sun kwashe wani aiki na kwalabe da tarkacen biki suka zuba a buhunan shara, a zatonsu ragowar taron daren jiya ne. Sai da aka sake jera shi ta hanyar duba hotuna.

Zan iya ɗaukar hoto?

Galibi e, ba tare da walƙiyar kyamara ba, kuma masu zane da yawa suna murna da hakan muddin ka ambaci sunansu idan ka ɗora a Instagram ko Facebook. Abin da ba ka da iko da shi shi ne buga hoton a riga ko kalanda ka sayar.

Wa ke zaɓen abin da za a nuna?

Mai tsara baje koli. A babban wuri wannan aikin mutum guda ne ko sashe guda. A ƙaramin wuri shi ne kuma mai rubuta takardun neman tallafi, mai hawa tsani, mai toshe ramukan ƙusa, wani lokaci har mai shara. Yana ziyartar masu zane a ɗakunan aikinsu watanni kafin lokaci, ya zaɓi ayyuka, ya yanke shawarar wanne zai fuskanci ƙofa, wanne zai zauna kusa da wanne. Wannan jerin ba ƙaramin abu ba ne. Hoton kasuwa cike da jama'a idan aka rataye shi kusa da hoton gidan da aka rushe, ya zama wata magana dabam da idan shi kaɗai ne a bango.

Sana'ar tana da manyanta. Okwui Enwezor, ɗan Najeriya, shi ya jagoranci babban baje kolin Documenta na Jamus a 2002 da na Venice a Italiya a 2015, kuma ya yi tasiri sosai wajen sa manyan cibiyoyin Turai da Amurka su ɗauki masu fasahar Afirka da Asiya da Kudancin Amurka da muhimmanci.

Ƙaramin gari zai iya samun aikin kirki kuwa? Ai duk gwanaye suna manyan birane.

Kasuwa ce ke manyan birane. Aikin kansa ana yin sa ne duk inda aka samu fili da lokaci da haya mai sauƙi. Documenta, wadda ake yi duk shekara biyar kuma ake lissafa ta cikin manyan baje kolin duniya, an fara ta ne a 1955 a Kassel, matsakaicin gari a Jamus da yaƙi ya ragargaza, ba a Berlin ba. Mai fasaha Donald Judd ya bar New York a shekarun 1970 ya koma Marfa, wani ɗan gari a hamadar Texas mai mutum kusan dubu biyu, kuma yau mutane na tsallaka teku don su je can. El Anatsui, ɗan Ghana, ya zauna a Nsukka yana koyarwa a jami'a daga 1975 har ya yi ritaya, kuma a can ne ya fara ɗinke murafan kwalabe da wayar tagulla suna zama manyan shimfiɗu masu sheƙi da ke rufe bangon gini. A 2015 Venice ta ba shi lambar Zakin Zinare ta aikin rayuwa. Ko su Monet da Degas da Renoir, shahararrun masu zanen Faransa, baje kolinsu na farko a 1874 a tsohon ɗakin aikin wani mai ɗaukar hoto suka yi shi, da kuɗin aljihunsu, bayan sun gaji da alƙalan babban baje kolin hukuma.

Kada a yi zaton kowane ƙaramin wuri yana ɓoye da irin waɗannan. Yawancin abin da za ka gani matsakaici ne, kamar yadda yake a kowace sana'a. Amma ƙaramin wuri yana da abin da babba ba zai ba ka ba. Babu layi, babu wanda ke tura ka daga baya, kana iya dawowa sau uku ka ga aiki ɗaya da hasken safe da na yamma. Mafi muhimmanci, mai aikin yana nan. A daren buɗewa shi ne wancan da ke tsaye a kusurwa yana murza hannu, yana satar kallon fuskokin mutane. Je ka tambaye shi yadda ya yi wancan shuɗin. Tambayar yadda aka yi abu ta fi buɗe bakin mai zane fiye da tambayar me yake nufi, wadda yawancinsu ke gudu.

Sai an gayyace ni zan je bikin buɗewa?

Idan an sanar da shi a fili, na kowa ne, kuma babu wata shiga ta musamman da ake buƙata. Sai dai ranar ta ganin mutane ce. Ganin aiki sai ka dawo tsakiyar mako.

Mene ne ɗan jan ɗigon da ake mannawa kusa da wasu ayyuka?

An sayar ke nan. Aikin zai ci gaba da zama a bango har ranar rufewa, sannan mai shi ya ɗauka.

Idan ina son saye fa?

Nemi takardar farashi, ba abin kunya ba ne, kuma tambaya ba ciniki ba ce. A gidajen kasuwanci abin da aka saba shi ne a raba kuɗin biyu tsakanin gidan da mai zane, wuraren da ba na riba ba kuma suna karɓar ƙasa da haka. Rabin nan yana iya zama kamar zalunci, amma daga cikinsa ake biyan haya, da wuta, da inshora, da dako, da talla. Saboda haka zagayawa ta bayan gida a sami mai zane a ce ya rage tunda babu dillali, abu ne da ke ɓata tsakaninsa da wurin da ya ba shi bango.

Idan kuɗinka bai kai zane ba, duba ayyukan da ake bugawa da yawa. Za ka ga lamba da fensir a ƙasa, misali 3/20, wato na uku cikin ashirin da aka buga, kuma ba za a ƙara ba. Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan mai aikin, da sunan aikin, da shekara, da girma, da kayan da aka yi shi da su. Wurare da yawa suna yarda a biya kaɗan-kaɗan idan an tambaya.

Abu ɗaya da masu saye ke yawan mantawa: ka sayi zanen ne, ba ka sayi haƙƙin mallakarsa ba. Ikon buga shi ko yaɗa shi yana hannun mai zane, kuma a ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka yana ɗorewa aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, a ƙasashe da yawa ma 70. Wasu ƙasashe sun ƙara da ba mai zane wani ɗan kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa ta hannun dillali ko a gwanjo. Faransa ce ta fara wannan doka a 1920.

Jari ne mai kyau?

A'a, in dai riba kake nema. Mafi yawan ayyukan da ake saya ba a sake sayar da su da tsadar da ta wuce ta farko, da yawa ma ba sa samun mai saye na biyu. Sayi abin da za ka so ka riƙa gani kowace safiya.

Ni mai zane ne. Yaya zan yi a nuna aikina?

Fara da zuwa. Mai tsara baje koli yana gane fuskar da ke zuwa kallon aikin wasu, kuma kai ma za ka gane ko aikinka ya dace da wurin. Kada ka shigo da zane a hammata ranar buɗewar wani, wannan ita ce hanya mafi sauri ta rufe wa kanka ƙofa. Jira sanarwar neman ayyuka, ko ka aika saƙo gajere da hotuna goma zuwa goma sha biyar masu kyau, waɗanda aka ɗauka da hasken rana, a miƙe, ba inuwarka a ciki. Ka sa girma da kayan aiki da shekara a ƙarƙashin kowanne. Bayanin kanka kada ya wuce rabin shafi, kuma ka rubuta shi yadda maƙwabcinka zai gane.

Yawanci ana farawa ne da baje kolin haɗin gwiwa kafin a ba mutum ɗaki shi kaɗai, kuma jadawalin ko da ƙaramin wuri yakan cika shekara guda gaba. Idan an karɓe ka, a rubuta komai: kason kowa, wa zai biya dako da firam, wa ke da alhaki idan aiki ya lalace, yaushe za a biya ka bayan ciniki. Ka yi hattara da wurin da ke neman ka biya kuɗi mai yawa kafin ya rataye aikinka. Wanda ya riga ya ci riba daga aljihunka ba shi da dalilin wahalar nemo maka mai saye.

Zan iya zuwa da yara?

Ƙwarai, kuma sau da yawa sun fi manya sakin jiki, domin ba sa tsoron a ce ba su gane ba. Ka riƙe hannun ƙanana kusa da abin da ke ƙasa. Wasu ayyukan suna taɓo yaƙi, ko rashin lafiya, ko tsiraici, kuma wuraren kirki suna sa sanarwa a ƙofa. In ba ka gani ba, tambayi mai tsaro kafin ku shiga ɗaki na gaba.

Idan baje koli ya ƙare, ina kayan ke zuwa?

Wanda aka saya ya tafi gidan mai shi. Sauran a duba su ɗaya bayan ɗaya, a gwada da takardar da aka cike ranar da suka iso don a ga ko wani abu ya ƙwarzane, a naɗe, a mayar wa masu su. Aikin da aka girka don ɗakin kaɗai kuwa wargaza shi ake yi, abin da zai rage sai hotuna da ɗan littafin baje kolin idan an buga. Daga nan a cire ƙusoshi, a toshe ramuka, a sake fenti, kuma cikin mako ɗaya ko biyu kayan mai zane na gaba sun iso.